Gwajina yana faɗuwa da NoInitialContextException, amma a kan sabar komai lafiya lau

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni sabon ma'aikaci ne a wani kamfani da ke kula da manhajar biyan albashi, tsohuwa ce sosai an rubuta ta da Java da EJB, a kan sabar WildFly take gudu. Oga ya ce in rubuta gwajin JUnit ga kilas ɗin da ke lissafin abin da ake cirewa daga albashi, to ina danna gwajin sai ya faɗi da NoInitialContextException, wai in saka java.naming.factory.initial. Amma in na ɗora manhajar a kan sabar ba matsala ko kaɗan. Kwana 3 kenan ina fama, don Allah a taimaka.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, kod ɗinka bai lalace ba, kwamfutarka ma lafiyarta ƙalau. Abin da ke faruwa shi ne a wani wuri cikin kilas ɗin nan akwai layin da ke cewa new InitialContext() sannan lookup da wani suna irin su java:comp/env/jdbc/albashi, wannan shi ake kira JNDI, tsarin da kamfanin Sun ya fito da shi tun 1997 domin manhaja ta nemi abu da sunansa kawai ba sai ta san inda yake ba. Kamar dai ka shiga tasha ka ce wa ɗan kamasho motar Zariya kake nema, shi ya san wacce ke kan layi, kai naka kawai ka faɗi sunan gari. To WildFly ita ce tashar, lokacin da take tashi ita ke karanta saitinta ta haɗa hanyar shiga databes ta ɗaura mata suna ta ajiye. Shi kuwa JUnit, Java tsura yake kunnawa, babu sabar babu komai, kod ɗinka ya tsaya a fili yana kiran Zariya alhali ko tasha ba a gina ba a wurin. Saƙon da ka gani ma'anarsa kenan, InitialContext ya duba saitin da aka miƙa masa, ya duba na JVM, wato injin da ke gudanar da Java, ya duba ko akwai fayil mai suna jndi.properties, bai ga wanda zai tambaya ba.

Yanzu kafin in gaya maka yadda ake gina ƙaramar tasha ta gwaji, bari in faɗi abin da ni na fi so ka yi, domin shi ne gyaran gaske. Kilas mai lissafin albashi ba shi da wata hulɗa da neman suna, aikinsa lissafi. Ka cire wannan lookup ɗin daga cikinsa, ka sa a riƙa miƙa masa DataSource, wato hanyar shiga databes, daga waje, ko ta constructor ko ta setter, ko ka ɗora @Resource a kan filin tunda daga EJB 3.0 na 2006 kwantena, wato ɓangaren sabar da ke riƙe da EJB, da kanta take cusa masa abin da yake buƙata. Da ka yi haka, a cikin gwaji sai ka miƙa masa na bogi da Mockito ko kuma databes ɗin H2 mai zama a cikin memori, gwajin ya gudu cikin ƙiftawar ido ba ruwansa da JNDI kwata-kwata. Na taɓa aiki a kan wata manhaja da lookup yake warwatse a cikin kilas-kilas barkatai, kowa ya zo sai ya kwafi na gabansa ya manna, abin da muka yi shi ne muka tattara su duka cikin kilas guda ɗaya ƙarami wanda shi kaɗai ke magana da InitialContext, sauran duk ta hannunsa suke karɓa, daga ranar gwaji ya zama abu mai sauƙi. Aikin yana da ɗan cin rai amma wallahi yana biyan kansa.

Amma na san halin da sabon ma'aikaci yake ciki, wani lokaci a ce maka kar ka taɓa tsohon kod, gwaji kawai aka sa ka. To in haka ne sai ka samar masa da wanda zai tambaya. Ka ƙirƙiri fayil jndi.properties a cikin src/test/resources, ka lura da kyau, a ɓangaren test ba a main ba, in ka kuskura ya shiga main zai bi manhajar har kan sabar ya je ya rikita mata nata tsarin. A ciki ka rubuta java.naming.factory.initial ka ba shi sunan kilas ɗin da zai samar da context. Akwai ƙaramin laburare mai suna Simple-JNDI da aka yi shi musamman don wannan, akwai kuma na Tomcat wato org.apache.naming.java.javaURLContextFactory, shi kuma sai ka ƙara java.naming.factory.url.pkgs ka ba shi org.apache.naming. Daga nan a cikin @BeforeAll ka buɗe InitialContext, ka ƙirƙiri matakan sunan ɗaya bayan ɗaya da createSubcontext, java:comp, sai env, sai jdbc, domin ba zai yarda ka yi tsalle zuwa na ƙarshe ba, sannan ka ɗaura JdbcDataSource na H2 a kan ainihin sunan da kod ɗin yake nema, harafi da harafi. Kuma a adireshin H2 ɗin kar ka manta da DB_CLOSE_DELAY=-1, in babu shi da zarar an rufe haɗi na ƙarshe duk teburan da ka ƙirƙira sun tafi, sai ka yi ta mamakin ina suka shiga.

Tambaya: Malam ni ma na yi irin wannan saitin, in na gudanar da kowane gwaji shi kaɗai yana wucewa, amma in na ce mvn test gaba ɗaya sai wasu su faɗi, wani da NameAlreadyBoundException wani da IllegalStateException. Aljanu ne ko me?

Amsa: Ba aljanu ba ne 'yar'uwa, kayan wani ne ke faɗawa kwanon wani. Maven Surefire, wanda shi ke gudanar da gwaje-gwaje in kin ce mvn test, a yadda ya zo, JVM ɗaya yake kunnawa ya gudanar da duk kilas ɗin gwaji a cikinsa, su kuma waɗannan ƙananan context ɗin a wuri ɗaya suke ajiye sunaye har JVM ɗin ya mutu. Kenan gwaji na farko ya ɗaura jdbc/albashi ya tafi bai kwance ba, na biyu ya zo zai ɗaura sai a ce masa ai akwai wani a wurin. Maganin wannan mai sauƙi ne, ki yi amfani da rebind a maimakon bind, kuma ki yi unbind a @AfterAll, haka in kin saka wani abu da System.setProperty ki goge shi in kin gama.

Na biyun ya fi wayo. Akwai wata hanya mai suna NamingManager.setInitialContextFactoryBuilder, wadda Java ta yarda a kira ta sau ɗaya tak a rayuwar JVM, kira na biyu IllegalStateException ne kai tsaye. In gwaji biyu kowanne yana son kafa nasa to dole ɗaya ya faɗi, kuma wanda zai faɗi ya danganta da wanda ya riga, shi ya sa yau ki ga wannan gobe ki ga wancan. Ko dai ki mayar da kafawar wuri guda ki fara tambayar hasInitialContextFactoryBuilder kafin ki kira, ko ki saka reuseForks a false a saitin Surefire domin kowane kilas ya samu sabon JVM nasa, wannan na biyun yana aiki amma zai rage gudu sosai in gwaje-gwajen suna da yawa, ni dai na farkon nake zaɓa.

Tambaya: Mun ɗaga Spring zuwa 6 sai SimpleNamingContextBuilder, wanda ke samar mana da JNDI na bogi a gwaji, ya ɓace, kuma na canza javax.naming zuwa jakarta.naming ya ƙi haɗuwa.

Amsa: Ka mayar da shi javax.naming yadda yake. Canjin sunan da aka yi a Jakarta EE 9 a 2020 ya shafi irin su javax.ejb da javax.servlet ne, shi JNDI a cikin Java ɗin kanta yake zaune, tun Java 9 ma yana da nasa module mai suna java.naming, babu wani abu wai shi jakarta.naming. Shi kuma SimpleNamingContextBuilder tun Spring 5.2 suka sanar za su daina shi suka nuna wa mutane Simple-JNDI, a 6 suka cire, can za ka koma.

Tambaya: To in duk na bogi muke amfani da shi, yaya za mu san sunayen gaske za su yi aiki a kan sabar?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da na so a yi, domin nan ne mutane suke yaudarar kansu ba su sani ba. Context ɗin da ka gina da hannunka duk sunan da ka ɗaura masa shi zai dawo maka da shi, ba zai taɓa gaya maka cewa a WildFly sunan java:jboss/datasources/ yake farawa da shi ba, ko cewa wanda ya rubuta saitin sabar ya sa babban harafi inda kai ka sa ƙarami. Don haka kana buƙatar wasu 'yan gwaje-gwaje kaɗan daban da za su kunna kwantena ta gaske. Tun EJB 3.1 da ya zo da Java EE 6 a Disamban 2009 akwai EJBContainer.createEJBContainer() wanda ke tayar da kwantena a cikin gwajin kansa, OpenEJB da GlassFish suna goyon bayansa, sai ka nemi wake ɗinka, wato bean, da sunan da aka daidaita na java:global sai sunan module sai sunan kilas. Ga mai WildFly kuwa Arquillian ya fi dacewa, yana ɗora kod ɗin a kan sabar ta gaske ya gudanar da gwajin a can ciki. Suna da nauyi suna cin lokaci, shi ya sa ba a yin su da yawa, ka ware su ƙarƙashin Failsafe na Maven, mai gudanar da irin waɗannan gwaje-gwajen, da sunan da ya ƙare da IT yadda mvn test ba zai taɓa su ba sai an ce mvn verify, ka sa ɗaya daga ciki aikinsa kawai ya bi duk sunayen da manhajar take nema ya tabbatar kowanne yana dawo da abu, kuma a gudanar da shi kafin duk wata ɗorawa a kan sabar da ake biyan mutane albashi da ita.