Amsa ga 'yar uwar da ƙyallaye suka taru mata ga sallah na matsowa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Naga tambayarki tun jiya da daddare, kince kina ɗan taɓa ɗinki a gida, ragowar ƙyallaye sun taru miki har bakko biyu, ga sallah na tahowa ga hannu ba kuɗi, kina son sanin me zaki ɗinka dasu na kyauta da ɗan abin gyara falo wanda in kin bayar ba za'a ce tsumma kika harhaɗa ba. Sai yanzu na samu zama, kiyi haƙuri da tsawon rubutun.

Kafin komai dan Allah ki duba ƙyallen nan na waye. In na kayanki ne da na yaranki toh shikenan, amma in na masu kawo ɗinki ne wlh amana ce a hannunki. Turmin atamfa yadi shida ne, mace ta kawo aka cire riga da siket da ɗankwali, abinda ya rage ko rabin yadi ne nata ne, da kuɗinta ta siya. Ni abinda nakeyi in zan bada kaya sai in ninke ragowar in saka a ledar, in kuma ƙananun yanka ne sai in tambaya, Hajiya wannan kina so ko in yi amfani dashi? Yawanci cewa suke ki riƙe, amma dai ki tambaya, musamman in Holan ce ko sufa ko gezna, tsadarsu ba wasa ba. Kuma kinga ba daɗi mace tazo yawon sallah gidanki ta tarar da atamfarta a jikin filon kujera bata sani ba.

Toh in wannan ya wuce, gaskiyar magana rabin aikin ba akan keke yake ba, a ƙasa yake. Ki shimfiɗa tabarma ki zazzage bakkon nan duka ki ware. Atamfa gefe guda, shadda gefe guda, leshi daban, material masu santsi da masu miƙewa daban. Kada ki haɗa mai miƙewa da atamfa a abu ɗaya, ɗaya na ja ɗaya na tsaye, duk iya ƙwarewarki sai ɗinkin ya tattare. Bayan nan ki sake warewa ta launi, masu duhu da masu haske, sannan ta girma.

Sai wanki, kuma anan ne na taɓa yin asara da har yanzu ina jin zafinta. Wata sallah na haɗa rigunan filo guda shida na kaiwa uwar mijina, jar atamfa da farar shadda, sunyi kyau sosai har maƙota suna tambaya. Wankin farko jar ta zuba, farar ta koma wani launi da ba'a iya gyarawa, kwana huɗu nayi a kansu. Bata ce min komai ba amma ni na gani da idona. Tun daga ranar duk ƙyallen da zan yi aiki dashi sai na jiƙa shi a ruwa tukunna, kowane launi a robarsa, ja da baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi zuba, haka ma duk abinda aka rina da baba irin na karofi. In ba kya son jiƙa duka, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a jiki, in ya ɗauki launi toh kin san sai dai ki haɗa shi da masu duhu 'yan uwansa. Wankin kuma yana cire sitati, ƙyallen yayi ƙanƙancewar da zaiyi tun kafin ki yanka. In sun bushe ki goge su tas, ko da dutsen guga na gawayi ne. Ƙyallen da ba'a goge ba baya yankuwa daidai, abinda ke sa aiki ya fito kamar tsumma kenan, ba wai ƙyallen ne bashi da kyau ba.

Yanzu abin ɗinkawa. In falo kike son ya canza ranar sallah ki fara da rigar filon kujera, ita tafi fitowa a ido. Ki samu kwali ki yanka murabba'i inci 5 kowane gefe, shi zaki riƙa ɗorawa kina zanawa da alli, kada ki yarda ki yanka da ido. Guda 16 ne filo ɗaya, huɗu huɗu layi huɗu, in kina cin rabin inci a kowane ɗinki kowanne zai koma inci 4, filon ya tashi inci 16. Ki haɗa layi layi tukunna, ki buɗe ɗinkin ta baya ki goge, sannan ki haɗa layukan. Wannan gugar ta tsakiya kada kiyi ƙyuyarta, ita ke sa kusurwoyi su haɗu. Launi kuma kada ya wuce uku, atamfa biyu masu zane da yadi ɗaya mara zane yana raba su, in kika zuba duk abinda kike dashi ido baya samun wurin hutawa. Bayan filon ba sai kin siyi zif ba, ki yanka guda biyu inci 17 da 12, ki kalmashe bakin kowanne, ki ɗora ɗaya kan ɗaya su hau juna a tsakiya, ta nan za'a riƙa cusa filon a cire in za'a wanke. Ki saka masa layinin ta ciki ko da tsohon zanin gado ne mai tsabta, saboda ɗinkunan su daɗe.

In akwai dogayen yanka sirara, irin waɗanda ke fita daga gefen siket, ki jera su ki haɗa kiyi shimfiɗar tsakiyar tebur. Masu yara kuma suna son ƙananun tutocin nan masu kusurwa uku da ake jerawa a igiya, ki yanka biyu biyu ki ɗinke ki juya, ki jera a dogon ƙyalle a rataye a bango ko ƙofar falo, ana iya sa wata da tauraro na farar shadda a tsakani. Shawarata dai kada ki rubuta aya ko sunan Allah a abinda za'a zauna akai ko yara zasu ja a ƙasa.

Amma ni a wurina kyautar da tafi shiga rai ita ce ta yara. Ƙananun jaka masu zariya na goron sallah, ƙyalle inci 6 da 14 ki ninka biyu, ki ɗinke gefe da gefe, ki bar hanyar zariya a sama. Ki zuba alawa da dabino da ɗan canjin da Allah ya hore, wlh yaro sai ya manta da abin ciki yana rataye da jakar har dare, kuma a ciki yake tara barka da sallarsa. 'Yan mata kuma ribom na ɗaure gashi, inci 4 da 20, robar ciki kamar inci 8, in kika yi da ragowar atamfar da aka ɗinka wa yarinya kayan sallarta sai ya zama kamar saiti aka siyo. A yini ɗaya zaki iya tara masu yawa in kin yanka su gaba ɗaya tukunna sannan kika hau keke. Manya kuma jakar Alƙur'ani ko ta Islamiyya, ki saka sitai ko siririn soso a tsakani ta tsaya da kyau, iyaye mata tsofaffi sunfi son 'yar ƙaramar jakar carbi da ta waya mai igiyar wuya. Mai jego ki haɗa mata majanyi, amma shi ki zaɓi ƙyalle mai ƙarfi kuma ki bi ɗinkin sau biyu, ɗa za'a goya dashi.

Na kicin akwai abin riƙe tukunya, sai dai anan ki kula sosai, auduga zalla ake sawa ciki da waje. Yawancin material da wasu atamfofin masu araha roba ce a jikinsu, wuta na taɓawa sai su narke su manne a hannu. Gwaji ba wuya, ki ciri ɗan ƙyalle ki kusanta da ashana a waje, auduga tana ci ta zama toka da wari kamar takarda, mai roba kuma tana narkewa ta dunƙule tayi tauri. In babbar sallah ce ki ƙara da rigar gaba ta aikin nama, mata suna jin daɗinta ranar suya.

Maganar allura, lamba 14 ta isa atamfa da shadda, in kin ninka da yawa ko akwai soso ki koma 16, masu laushi kuma 11. Keken ƙafa irin Butterfly ɗin nan ya ishe ki duk abinda na lissafa, ba sai kina da na wuta ba. Wacce bata da keke ma ribom da jakar yara da hannu ana yinsu.

Lokaci kuma dan Allah kada ki bari sai goman ƙarshe, kin san yadda ake a lokacin, ga ɗinkin mutane ga girkin buɗa baki ga ibada. Ni warewa da wanki da yanka a Sha'aban nake gamawa, in ƙulla kowane aiki a ledarsa, in azumi ya kama sai hawa keke kawai da hantsi. Abinda bai samu ba ki ajiye, tsakanin ƙaramar sallah da babba wata biyu ne da kwana goma, zaki ƙarasa a nutse.

Sauran 'yan mitsi-mitsin da ba sa ɗinkuwa kada ki zubar ko ki ƙona, ki ƙara yayyanka su ki cusa a tumtum, yana yin nauyi ya zauna daram, ko ki yanka su tsayi ɗaya ki riƙa cusawa a ramukan wankakken buhu kina ƙullawa kiyi abin goge ƙafa na bakin ƙofa, wannan yara ma zasu tayaki. In kin ware ƙyallayen ki ɗauko hoto ki turo mu gani, sai in faɗa miki waɗanda zasu tafi tare da wanda zaki fara dashi. Allah ya nuna mana sallar lafiya.