Abin da ya sa 2,4-D ke murɗe ciyawa kafin ta mutu

Malam, ka tambayi me ya sa ciyawa mai faɗin ganye ke lanƙwashewa bayan ka fesa maganin ciyawa na 2,4-D a gonar shinkafarka ta fadamar Argungu, maimakon ta ƙone nan take. Maganin yana kwaikwayon oksin ne, sinadarin da ke sa tsiro girma. A cikin ƙwayar halittar tsiro akwai furotin da ake kira Aux/IAA, aikinsu riƙe birkin girma. Idan oksin ya zo, sai ya manna su da wani furotin mai suna TIR1, a liƙa musu yubikwitin, wato ƙaramin furotin da ke zama alamar a lalata su, a tura su furotiyasom, injin da ke niƙe furotin. Birki ya tafi, girma ya tashi. Tun 2005 aka tabbatar TIR1 ne ke karɓar oksin. Oksin na gaske tsiro yana iya rage shi, shi kuwa 2,4-D yana daɗewa a jikinsa, sai girman ya wuce kima, kara ya murɗe, ciyawar ta mutu a hankali.

Shi ya sa ba ka ganin sakamako rana ɗaya, kuma maganin ya fi ci lokacin da ciyawa ke ƙarama tana cikin girma. Amma ka kula da iska. Na taɓa fesawa da rana iska na kaɗawa, bayan kwana uku tumatir ɗin maƙwabcina duk ya nannaɗe ganye, sai da na je ban haƙuri har gida. Tumatir da wake ba sa jure ko ɗan kaɗan.