Amsa: Me ya sauya wajen neman kuɗin horar da masu neman aiki?

Malama, kin ce ƙungiyarku ta sa kai ta saba samun tallafin gwamnati, bana kuma an ce ku shiga takarar neman kwangila. Haka lamarin ya koma a wurare da dama: kwangila ta maye gurbin tallafi. Birtaniya ta bi wannan hanya a shirinta na taimaka wa marasa aiki na 2011, inda mafi yawan kuɗin ba ya fitowa sai wanda aka horar ya samu aiki ya kuma daɗe a kai. Ƙananan ƙungiyoyi sun sha wuya, don albashin ma'aikata ba ya jira. Ku tanadi rahoton binciken kuɗinku, ku yi rajista a shafin intanet na neman kwangilar da wuri. In za ku shiga ƙarƙashin babban ɗan kwangila, ku fara tambayar yaushe zai biya ku.