Matata ta ce kakanninta a jirgin Mayflower suka zo Amurka, ta ina zan fara bincike?

Tambaya: Salam malam. Ina zaune a Amurka, matata Ba'amurkiya ce, kakarta ta wajen uwa sunan gidansu Howland, kuma kullum cewa suke su jikokin John Howland ne da ya zo a Mayflower, jirgin ruwan da ya kawo Turawan Ingila Amurka. Yara sun fara tambaya, ya zan tabbatar?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka fara daga John Howland kana gangarowa, daga matarka zaka fara kana hawa sama, takardar haihuwarta, ta auren iyayenta, ta rasuwar kakarta, duk hawa ɗaya sai ka samu takardar da ta ce wane ɗan wane ne kafin ka wuce. Ƙidayar jama'a ta 1850 zata taimaka sosai don daga ita aka fara rubuta sunan kowane mutum a gida banda bayi, ta 1790 sunan maigida kawai ake sawa, ta 1890 kuwa gobarar 1921 ta lalata yawancinta. Akwai su a FamilySearch, shafin intanet na binciken tarihin dangi, kyauta.

Sa'arku ɗaya mutumin sananne ne. Jirgin ya iso Plymouth, a jihar Massachusetts ta yanzu, a 1620 da mutum 102, kusan rabinsu suka mutu a hunturun farko, shi kuma Howland tun a hanya ya faɗa teku ya kama igiya aka jawo shi, daga baya ya auri Elizabeth Tilley suka haifi 'ya'ya 10, cikin zuri'arsu har da Franklin Roosevelt da George Bush uba da ɗa. Ƙungiyar jikokin Mayflower da aka kafa a 1897 ta fitar da littattafai masu bangon azurfa da suka tantance zuri'ar farko hawa-hawa, to aikinka ka haɗa kakar da wani da ke ciki.

Amma fa sunan kaɗai ba hujja bane, biyu daga cikin 'yan'uwan John, Henry da Arthur, su ma sun zo Plymouth daga baya amma ba a Mayflower ba, kuma jikokinsu ma Howland suke amsawa. Shi yasa ni ban cika yarda da bishiyoyin dangi da mutane ke ɗorawa a intanet ba, wannan ya kwafa wajen wancan ba wanda ya duba wasiyya ko takardar fili. Ko tsofaffin littattafai ma a yi hattara, an daɗe ana cewa matar Howland 'yar gwamnan Plymouth John Carver ce, sai da aka gano rubutun hannun gwamna William Bradford a Landan a 1855 sannan aka ga ashe 'yar John Tilley ce.

Sai kwanan wata, kafin 1752 sabuwar shekarar Turawan Ingila ranar 25 ga Maris take farawa, shi yasa zaka ga an rubuta rasuwar Howland Fabrairun 1672/3, wato 1672 a tsohon lissafi, 1673 a na yanzu, ba kuskure bane.

Gwajin DNA na layin maza, wato wanda ke bi daga uba zuwa ɗa, kuwa ba matarka zata yi ba, sai an nemo namiji a dangin kakar wanda har yanzu yake amsa Howland, kuma ko ya dace ba lallai ya raba maka John da Henry ba tunda ubansu ɗaya.