Toshe fasaha mai haɗari, wa yake amfana?

Ɗan'uwa ka tambaya ko hana mutane fasaha ko ilimi mai haɗari yana amfanar jama'a, to ni dai a ganina ya danganta da abin da aka hana da kuma wanda zai ji a jikinsa.

Mu nan Kaduna ai mun gani da idonmu. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin El-Rufai ta sa aka datse sabis ɗin waya a wurare irin su Birnin Gwari da Giwa da Chikun saboda 'yan bindiga, aka kuma hana hawa babura. Niyyar mai kyau ce wallahi, amma talaka ne ya sha wuya, mai POS ya rufe shago, ɗan kasuwa ba tiransifa, wanda aka shigo ƙauyensu cikin dare ba yadda zai kira a kawo ɗauki, sai ka ga mutum ya biya kuɗin mota ya taho har Kawo don kawai ya buga waya ya ji lafiyar 'yan'uwansa. Kafin shekarar ta ƙare aka maido da sabis, kuma harin jirgin ƙasan Abuja na Maris 2022 ya nuna ɓarayin na nan daram.

Amma fa akwai hanin da nake goyon baya ɗari bisa ɗari. Koyar da haɗa bam a intanet, wa yake buƙatarsa don neman abinci? Duk wanda ya ga tashin bam ɗin ranar Ista ta 2012 a garin nan ba zai yi musu ba. Haka maganin tari mai kodin da aka hana a 2018, ya cinye mana samari da 'yan mata ba kaɗan ba.