Garwa, Marwa ko Ngaundare: ina za a kafa shago?

Ɗan'uwa, ka ce kana son kafa shago da sayen fili, kana tambayar garin da hukumarsa ta fi aiki kuma yake da makoma mai kyau a cikin waɗannan garuruwa uku na arewacin Kamaru.

Ni dai Garwa zan sa gaba. Hedikwatar SODECOTON, kamfanin auduga na ƙasar, tana can, an ba Garwa jami'a a 2022, kuma gasar cin kofin Afirka ta bar mata tituna masu kyau, kodayake unguwannin ciki ba su samu rabo sosai ba. Ngaundare kuwa nan jirgin ƙasa daga Yawunde yake tsayawa, don haka kayan Chadi ta nan suke bi. Idan sari kake yi, ka dube ta da kyau. Marwa akwai jama'a da ciniki, sai dai ambaliya da matsalar tsaro ta wajen garin Mora, kusa da iyakar Najeriya, suna ja mata baya.

Kada ka auna gari da magajinsa kaɗai. Tun 2020 kansiloli ke zaɓensa, amma kowane garin ƙananan hukumomi uku ne, aikinsu kuma ba ɗaya ba. Je ka unguwar da damina, ka ga magudanan ruwa da shara.

Batun fili, takardar mai unguwa ba ta isa ba. Ka tafi ofishin filaye da lauya kafin ka ba da ko sisi.