Idonka ne ya riga hannunka

Na ga saƙonka tun jiya da daddare, na bari ne sai na nutsu. Ka ce wata 14 kenan kana wajena amma a ganinka kana nan inda kake, ga shi tun da muka ajiye tsohon injin walda na taransfoma muka koma sabon injin inbata hannunka ya ƙara rikicewa, har ka fara tunanin ko dai walda ba sana'arka ba ce.

To yaro, gobe kafin ka taɓa komai ka leƙa ƙarƙashin tebur ta ɓangaren bango, akwai wasu guntayen ƙarfe guda biyu da na ɗaure da waya. Waldarka ce ta satin farko, ni na ɓoye. Ka ɗauko ka ajiye kusa da ƙofar da ka haɗa shekaranjiya. Wancan kamar kaza ta bi ta kai ta yi kashi, ɗigo nan ɗigo can, ga huji har biyu inda ka ƙona ƙarfen. Kuma ranar da ka yi shi wallahi murna kake, har da kawo min in gani kana washe baki. Yanzu kuma ka ja layi santal amma ka tsaya kana ƙunƙuni wai gefe ɗaya ya ɗan ci. Wa ya koya maka ganin gefen da ya ci? Bara ko an nuna maka da yatsa ba za ka gani ba. Idonka ne ya buɗe ya wuce hannun, shi ya sa komai ka yi sai ka ga aibu, hannun kuma yana tafe a baya, dama shi ya fi jinkiri.

Ni da nake gefe ina lissafi. Da can ilektirod, wato sandar walda, sai ta manne maka sau biyar kafin wuta ta kama, kana fizga kana tsaki. Da can sai ka tambaye ni amfiya nawa za ka sa, wato ƙarfin wutar, yanzu da ka ɗauki ilektirod 6013 mai kaurin milimita 2.5 kai da kanka kake murɗawa wajen 70 zuwa 80, in 3.2 ce ka haura 100, ban ma san ranar da ka daina tambaya ba. Rannan ina kallonka ka ɗiɗɗiga kusurwa huɗu tukuna, ka auna daga wannan kusurwa zuwa waccan ka ga tsawon ya zo ɗaya, sannan ka bi da walda, saboda ka riga ka san ƙarfe in yana hucewa ja yake yi. Ba wanda ya ce ka yi. Ciwon idon nan ma da yake tashinka tsakar dare kamar an zuba maka yashi, yaushe rabonka da shi? Ka koyi rufe fuska kafin ka kunna wuta, ba bayan ta haska ka ba.

Uwa da take ganin ɗanta kullum ai ba ta ganin girmansa, sai ranar da wando ya ɗage.

Maganar inbata kuwa, kar ka ɗora wa kanka laifi. Tsohon injin wutar AC yake bayarwa, irin ta NEPA, wannan kuma DC, irin ta batir, wutarsa ta fi laushi kuma ta fi saurin kamawa, ƙararta ma daban, kai kuma kunnenka ya saba da gurnanin wancan. Ni da na fi shekara 20 ina wannan aiki sai da na ɓata ƙarfe a satin farko, na huda wani siririn bututu ina ta zagin injin, ashe ni ne na bar amfiya a inda na saba. Ka rage wutar kaɗan, ka matso da bakin ilektirod, tazarar kar ta wuce kaurin ƙarfen cikinta, ka daina gudu. In ka dace za ka ga ɓawon saman waldar yana ɗagowa da kansa yana lanƙwashewa tun kafin ka sa guduma. Ranar da ka ga haka ka kira ni in gani.

Abin da bai zauna maka ba har yanzu shi ne waldar tsaye, narkakken ƙarfen yana zubo maka, wannan gaskiya ne ba zan ɓoye maka ba. Shi za mu sa a gaba watan nan, kullum minti 20 kafin mu fara aikin mutane. Ka yanko guntaye shida masu kauri ka goge bakinsu, na farkon ka rubuta kwanan wata a jiki da alli ka kawo min in ɗaure shi tare da waɗancan.